Wasiyyata a Dutsen Bagzam

Da malaman lakwal ɗinmu, wato makarantarmu, suka shirya hawan Dutsen Bagzam, ni na fi kowa baki. Na ce wanda ya girma yana tsalle a duwatsun Zinder ba ya buƙatar jagora. Na wuce su, na kama hanyata ni kaɗai.

Kafin la'asar ruwana ya ƙare, ƙafafuna suka ƙi motsi, ko'ina baƙin dutse. Na tabbata ajali ne. Na zauna ina kuka, na yi wa 'yan gidanmu saƙon murya. Na nemi gafara, na bar wa ƙanena Mamman motona, wato babur ɗina, kuma don kada in mutu da ƙarya, na gaya wa matata ban taɓa son miyar kukarta ba. Babu rezo, wato sabis na waya, saƙon bai tafi ba.

Can sai ga abokan tafiyata. Ashe akwai ƙauye a bayan dutsen da na jingina. Na sha shayi, na manta da saƙon. Muna shiga Agadas rezo ya dawo, saƙon ya tafi.

Har yau Mamman yakan tambaye ni, "Yaya, yaushe za ka sake hawa?" Matata kuwa, in ta ajiye tuwo, sai ta ce, "Marigayi, ga miyarka."