Rasuwar Ɗan Wata, Tumatirin Dakta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido da ya yi jawur, Dakta mai binciken shuke-shuke take sanar da 'yan'uwa da abokan aiki rasuwar Ɗan Wata, tumatirin da ta raina domin mutanen da za su zauna a duniyar wata nan gaba. Ya rasu yana da kwana sittin da uku.

Marigayin mai haƙuri ne. An shuka shi cikin garin dutse mai kama da ƙasar wata, a akwatin gilashi, ƙarƙashin fitila. Ruwansa ɗigo goma sha biyu ne a rana, kuma ba a taɓa jin ya yi ƙorafi ba. 'Yan'uwansa talatin da tara duk sun riga shi tafiya. Shi kaɗai ya tsaya, siriri kamar tsinken tsintsiya, har ya fitar da tohon fure ɗaya. Furen nan Dakta take jira ya buɗe ta kai wa kwamiti ranar Alhamis, don in babu shi za a rufe binciken.

Ciwon ajali ya same shi ne a gida, inda Dakta ta kawo shi saboda ana gyaran wuta a ɗakin gwaji. Mahaifiyarta, Inna, ta leƙa akwatin ta ce wannan ai zalunci ne, ana horar da ɗan mutane da yunwa. Dakta na fita, Inna ta buɗe gilashin, ta dumbuza masa takin awaki, ta kwarara ruwa kofi biyu, ta kai shi rana ya sha iska. Bawan Allah bai saba da daɗi ba. Kafin yamma ya langaɓe.

Ya bar fitila ɗaya, da littafin awo, da Dakta da za ta fuskanci kwamiti hannu rabbana.

Za a binne shi gobe da ƙarfe huɗu a bayan gida, gindin lemo. Masu ta'aziyya su fara da Inna, domin tun jiya ta ƙi cin abinci, tana kuka tana cewa da ta kai masa ɗauki da wuri da ya rayu. Dakta na roƙon duk wanda ya san abin da ya kashe shi, don girman Allah, ya ja bakinsa ya yi shiru.