Ranar da Na Gabatar da Tanko a Taron Manoma

Ba zan taɓa mantawa da zaɓen sakataren ƙungiyarmu ta manoma ba, kuma ko na so in manta, mutanen ƙauyenmu ba za su bar ni ba.

Bari in fara gaya maka ko ni wane ne, don ka san tsayin inda na faɗo. Malamin aikin gona ne ni a wata sakandare a Funtua, ina kuma da gonar masara ta gado a ƙauyenmu, can gefen Bakori. Ina da tabarau, ina da jakar hannu, sannan (Allah ya yafe mini) ina da ciwon nan na wasu 'yan boko, na ganin duk abin da jama'a suka ruɗe a kansa shirme ne.

A bazarar bara aka fara nuna wani sabon shiri mai dogon zango a talabijin, na ƙasar waje da aka fassara da Hausa. Labarin wani zamani ne can gaba, inda mutum-mutumi ke zaune cikin mutane, yana aiki yana magana. Jarumin shirin ma mutum-mutumi ne, mai fassara ya raɗa masa suna Tanko. Kafin sati uku gari ya ɗauka. A teburin mai shayi musu ake ko Tanko yana jin zafi idan an doke shi. A kasuwar hatsi da kunnena na ji dillalai biyu sun bar ciniki suna gardamar ko wajibi ne a amsa sallamarsa. Masu keke-napep suka shiga rubuta sunansa a bayan kekunansu. Kai, har gidana abin ya iso. Wata rana na tarar da maiɗakina Rakiya tana share hawaye da gefen mayafi, wai an cire wa Tanko hannu.

Na ce, "Rakiya, yanzu ƙarfe kike yi wa kuka?"

Ta ce, "Malam, ba ka gani ba ne. Zauna ka kalli ko ɗaya."

"Ni? Allah ya sawwaƙe. Kimiyya nake koyarwa, ba tatsuniya ba."

Ko minti ɗaya ban taɓa kallo ba, kuma alfahari nake da hakan. Da na ji kiɗan buɗe shirin sai in ɗauki tabarmata in yi waje. A ɗakin malamai na yi wa'azi a kai, a majalisa na yi, har ta kai in na doso sai a canza hira. A raina na riga na zana Tanko: wani ƙaton dodo mai jajayen idanu da bindiga a kafaɗa.

Ana cikin haka sakataren ƙungiyarmu ya ce tsufa ya kama shi, a nemi wani. Mu biyu muka fito, ni da Malam Lawal mai shagon taki, mutum mai sanyin hali wanda bai wuce firamare ba. Ba zan ɓoye maka ba, ina son kujerar nan har cikin raina. Marigayi mahaifina ya riƙe ta shekara da shekaru, ni kuma tun da aiki ya kai ni Funtua ake yi mini kallon baƙo mai zuwa gona ranar Asabar da takalmi sau-ciki. Ina so ƙauyen ya san ɗansu bai yi karatun banza ba.

Kukan kowa a lokacin ɗaya ne, rashin 'yan ƙwadago. Matasa sun watse, wasu acaɓa, wasu birni. Lokacin noman fari sai ka yi kwana biyar kana neman masu fartanya, ciyawa tana cinye maka masara kana kallo.

Saura sati ɗaya zaɓe, wani ya turo bidiyo ta waya a guruf ɗin tsofaffin abokan makarantarmu. Minti ɗaya ne, ba magana, sai ɗan kiɗa, an rubuta a ƙasa: "Duniya ta tafi ta bar mu." Na buɗe. Sai ga wani siririn mutum-mutumi, fari fat, mai hannu biyu da ƙafa biyu, yana bin kunyoyin masara da fartanya. Yana noma tsaf, ba ya taɓa shuka, ba ya tsayawa shan ruwa, ba ya duba rana. Na kalla ya fi sau goma. Na ɗauko biro da takarda na lissafa eka nawa zai nome a yini (har da ragin lokacin caji, don ka san da gaske nake). Na ce a raina, shi ke nan, Malam Lawal sai dai ya yi haƙuri.

Na aro majigi daga makaranta, na aro ƙaramin janareto wajen maƙwabcina, na naɗe farin zanen gadonmu na tura a jaka. Rakiya tana tsaye tana kallona.

"Malam, me za ka nuna musu haka?"

"Harkar kimiyya ce, ba za ki gane ba."

Ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a," ta koma kan tukunyarta.

Ranar Asabar da hantsi aka taru a wani aji na firamaren ƙauyen. Na sa aka toshe tagogi da buhuna don hoto ya fito, zafi ya taru a ɗakin kamar cikin rumbu. Shugaban ƙungiya, Alhaji Garba, ya buɗe taro da addu'a, ya ce kowane ɗan takara ya faɗi abin da zai yi. Malam Lawal ya tashi, ya ce zai yi ƙoƙari taki da iri su riƙa isowa kafin ruwan shuka, ya zauna. Ko minti biyu bai yi ba. Har tausayinsa na ji.

Ni kuwa na ci minti ashirin. Na taɓo tarihin garma, na taɓo tarakta, na jefa Turanci nan da can don miya ta yi daɗi. Sannan na gyara tabarau na ce, "Jama'a, abin da za ku gani yanzu ba fim ba ne. Ba irin shirmen da ake zama ana kallo a gidaje ba ne. Wannan na'ura ce ta gaske, masana suka ƙera, na kuma yi bincike a kanta. In kuka zaɓe ni, wasiƙar farko da zan rubuta ta neman irinta ce."

Na kunna.

Hoto ya fito a jikin zanen gadon da na rataya a bango. Na harɗe hannu a ƙirji ina kallon fuskokinsu, ina cewa a raina, yau ƙauye ya ga ilimi. Can sai Baba Mamman, wani dattijo da ya haura saba'in, wanda ke zama a gaba saboda nauyin kunne, ya miƙa wuya ya ƙura wa zanen ido.

Ya ce, "Ashe Tanko ne."

Wani daga baya ya ce, "Shi ne. Allah sarki, lokacin hannunsa na nan."

"Ai ranar da ya je taya tsohuwar nan noma ce."

"A'a, gonar mugun attajirin nan ce, dubi rijiyar."

"Don Allah ku yi shiru, ni ban kai nan ba."

Wanda ya faɗi wannan na ƙarshe, in gaya maka, Alhaji Garba ne da kansa, shugaba guda, da rawaninsa.

Wani gumi ya tsatso mini wanda ba na zafin ɗakin ba ne. Mai hankali a nan zai yi dariya ya ce wasa yake, a wuce wurin. Amma ni girman kai ya riga ya hau ni ya kama linzami. Na ɗaga murya na ce, "Jama'a, ku natsu. Ƙila kama ce kawai. Wannan na gaske ne, na ce muku na bincika."

Sai Malam Lawal ya taso a hankali, ba dariya a fuskarsa (wannan ne ya fi yi mini ciwo, da ma ya yi dariyar). Ya ce, "Malam, naka guntu ne. Ina da cikakkensa a waya, in ba damuwa a jona, a raba gardama."

Kafin in buɗe baki ɗakin ya amsa da a jona. Aka jona. Ga dai gonar, ga masarar, ga na'urata ta masana tana noma. Daidai inda nawa bidiyon yake ƙarewa, sai ta jingine fartanya, ta dafe ƙugu, ta juyo ta kalle mu, ta ce da Hausa tangaran, "Wash, bayana. Jama'a, ko akwai mai sauran fura a nan?"

Ban san benci na iya girgiza da dariya ba sai ranar. Wani ya faɗo ƙasa yana riƙe da ciki. Alhaji Garba ya rufe fuska da bakin rawani, kafaɗunsa suna rawa. Baba Mamman, da bai ji abin da aka ce ba, ya sa aka maimaita masa, sannan ya yi tasa dariyar shi kaɗai bayan kowa ya gama. Ni kuwa ina tsaye a gefen zanen gadona, da takardar lissafin eka a hannu, na rasa aljihun da zan cusa ta. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba tun ina yaro.

Na yi zaton za a kashe a ci gaba da taro. Ina. Suka ce tunda an riga an tayar da janareto, a bari shirin ya ƙare. Haka na zauna a kan benci na kalli kashi guda cur na abin da na yi wata biyu ina zagi, a majigin da na ɗauko da hannuna. Abin takaicin ma, wajen tsakiya na manta da halin da nake ciki, har na ji bakina ya ce, "Kai, wannan attajiri azzalumi ne." Na kusa da ni ya juyo ya kalle ni, na yi kamar tari nake.

Da aka buɗe tagogi aka zo zaɓe, Alhaji Garba ya ce masu son Malam Lawal su ɗaga hannu. Ɗakin ya zama dajin hannuwa. Ya ce masu sona. Hannu biyu suka tashi, nawa da na Baba Mamman. Na ji wani sanyi a raina, na ce ko ba komai dattijo ɗaya ya gane darajar ilimi. Bayan an tashi na je na durƙusa na yi masa godiya.

Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ai ka cancanta, ɗan nan. Kullum a 'yar wayar jikata nake ganinsa kamar ƙwaro. Yau ka nuna mini Tanko da girmansa."

Labari ya riga ni isa gida. Rakiya ta karɓi zanenta ta kakkaɓe, ta ajiye mini abinci. Sannan ta zauna ta ce, "Malam, ashe harkar kimiyyar ke nan. Da ka nuna mini, ai da na gwada ganewa."

Kujerar mahaifina dai tana hannun Malam Lawal, kuma gaskiya taki ya iso da wuri bana. Ni abin da na samu suna ne. In na bi ta bakin gonaki a kan babur, sai ka ji an ɗaga fartanya ana cewa, "Malam, wasiƙar ta tafi kuwa? Ciyawa fa ta yi yawa."

Darasin da na koya bai da tsawo. Har yanzu ina raina abubuwa, hali ne, ba ya fita a wanka ɗaya. Amma yanzu kafin in raina abu sai na leƙa na ga kamanninsa tukuna, don kada wata rana in haɗu da shi a hanya in cire masa hula.