Gaisuwa Ce Kawai, Ranka Ya Daɗe

Akwai ranar da ba zan taɓa mantawa da ita ba ko da na so, kuma wallahi na so. Ita ce ranar da aka ba ni minti goma in yi wa Kwamishinan Muhalli na jiharmu magana a wani otal a nan Dubai. Na shiga da fayil a hammata, na fito da shi a hammatar.

Bari in koma baya kaɗan. Sana'ata haɗa sola ce. Shekara shida ke nan ina hawa rufin manyan rumbunan kaya a unguwar Al Quoz, ina jera farantan sola ina ɗaure waya, rana tana gasa mini ƙeya. Na haɗa wa rumbun taya wutar sola, na haɗa wa rumbun abincin kyanwa ita (e, kyanwa, har da na'urar sanyi don kada abincin nata ya lalace). Amma asibitin garinmu mai ɗaki uku ba shi da wutar da za ta riƙe firji guda ɗaya.

Ban damu da wannan sosai ba sai bara waccan. Damina a wajenmu ta daina zuwa yadda muka san ta: ko ta ƙi zuwa, ko ta zo gaba ɗaya a sati biyu. A shekarar ruwa ya cinye fadama, macizai suka hauro tudu. Yayana Sale ya fita da safe duba abin da ya rage na shinkafarsa, kububuwa ta sare shi a ƙafa. Aka kai shi asibiti a kan babur. Malam Ado, jami'in da ke riƙe da asibitin, ya ce an daɗe da daina kawo musu maganin dafi, domin irin wanda ake rabawa sai da firji. Hanyar birni kuwa ruwa ya yanke ta, sai da suka yi zagaye. Ina kan rufi da sukundireba a hannu aka kira ni. Ban samu jana'iza ba. Ya bar matarsa, Yaya Hadiza, da yara huɗu, kuma har yau ina tuna muryarsa yana tsokanata da “Bature mai wuta”.

Daga nan na zama zakin guruf ɗinmu na waya, na 'yan jiha mazauna Dubai. Ba wanda ya kai ni zafi. Abin da nake nema shi ne doka, ba kyautar ɗan siyasa ba, don mun san kyautarsu: ran da batir ya mutu, shi ke nan. A rubuta cewa duk asibitin gwamnati a jihar sai da sola da batir, a sa mai gyara, a riƙa tunawa da su a kasafin kowace shekara, a kuma fara da garuruwan da ambaliya ke yankewa. Na rubuta ɓangaren wuta. Bilkisu, wata nas 'yar jiharmu da ke aiki a wani asibiti a nan, ta rubuta ɓangaren lafiya. Har na sa Malam Ado ya turo mini hoton rufin asibitin. Akwai wata ƙatuwar darbejiya da ta lulluɓe rabinsa, wadda mata ke zama a ƙarƙashinta ranar awo da rigakafi. Na ce masa, da muryar ƙwararru, “Malam, ran da sola ta tabbata, dole a sare rassan nan.” Ku riƙe wannan maganar.

Sai ga labari cewa tawagar jiharmu za ta zo wani taron sauyin yanayi, irin tarukan da ba sa ƙarewa a garin nan. Bilkisu ta san matar mai taimaka wa Kwamishina, ta bi ta nan ta samo mana minti goma. Ni kuwa na ɗauki waya na aika saƙon murya a guruf, wanda har yau wasu marasa tausayi ba su goge ba: “Wallahi ido da ido zan faɗa masa. Ni ba abincin gwamnati nake ci ba, ba wanda zan tsuguna wa!”

Sati guda ina atisaye a ɗakinmu na unguwar Satwa, mu huɗu muke kwana a ciki. Ina tsayawa gaban madubin banɗaki ina nuna kaina da yatsa, abokan zamana suna buga ƙofa suna cewa za su makara. Na ɗinka sabon kaftani. Na haddace jimlar farko, mai kyau ce ƙwarai: “Ranka ya daɗe, yayana bai mutu don babu magani a duniya ba, ya mutu ne don babu firji a garinmu.” Bilkisu kuma ta roƙi abokiyar aikinta suka yi musayar ranar aiki.

A cikin lifta ta dube ni ta ce, “Injiniya, gaisuwa gajeriya fa. Minti goma ne, ba awa ba.”

(Difloma gare ni, amma ban taɓa hana kowa kira na Injiniya ba.)

Na ce, “Khalas, magana ta ƙare, Bilkisu. Ki bar mini shi kawai.”

Shirina shi ne in miƙa masa hannu a tsaye, yadda ake yi a nan, inda ko manajan kamfaninmu sunansa muke kira. Aka buɗe ƙofa. Na ga dattijo da furfura a gemu, da farar hula, yana zaune yana jan carbi. Abin da na manta shi ne ƙafafuna ba su halarci atisayen ba. Kafin in ankara na tuɓe takalmi a bakin kafet, na rage tsawo, gwiwata tana ƙasa.

Muka shiga gaisuwa. Ya hanya, ya gajiya, ya aka baro mutanen gida, ya ruwa, ya jama'a. Shi ma ya mayar: ya aiki, ya zafi, ya zaman baƙunta. Ina jin mintuna suna zuba, amma bakina sai ƙara tambayar lafiyar iyali yake yi. Sai ya ce, “Kai ɗan wane gari ne?” Na faɗa. “Wane gida?” Na faɗi sunan mahaifina.

Ya ajiye carbin. “Kai ɗan Malam Hedimasta ne? Ikon Allah! Ai shi ya koya mini karatu. Ya sha zane ni a kan lissafi.” Ya yi dariya, sannan fuskarsa ta canja. “Ashe Sale rasuwa ya yi? Sai daga baya na ji. Na san shi yana yaro, yana kawo wa Malam abinci makaranta. Ya muka ji da haƙuri?”

Ga ƙofa nan a buɗe. Shi da kansa ya ambaci Sale. Jimlata tana kan harshena, ba abin da ya rage sai in buɗe baki.

Na ce, “Da godiya, ranka ya daɗe.”

Ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo, kuma ba ta ganin ido ba ce. Da mugun mutum ne da abin ya zo mini da sauƙi. Ya shafa, muka shafa. Ya ce, “Kwana ne ya ƙare, ɗana. Ba mai wuce lokacinsa.” Na ce, “Haka ne.” Kuma haka ɗin ne, ban musa ba, ba zan taɓa musawa ba. Amma ku gaya mini, ta yaya mutumin da ya tashi a gidanmu zai karɓi ta'aziyya daga ɗalibin babansa, hannunsa bai gama sauka daga fuska ba, ya ce masa, “Af, dama maganar mutuwar ce ta kawo ni, da hannunku a ciki”? Sai na ji kamar in na faɗa, na mayar masa da addu'arsa ne. Idona ya cika, na sunkuyar da kai ina kallon zanen kafet.

Bilkisu ta yi gyaran murya. Ta sake yi. Mai taimaka masa ya dubi agogo.

Kwamishina ya ce, “To ɗan Malam, akwai wani abu ne?” Wallahi har fayil ɗin ya kalla.

Na ce, “A'a, ranka ya daɗe. Gaisuwa ce kawai.”

Da a nan abin ya tsaya, da na samu wurin ɓuya, in ce kuka ne ya ci ƙarfina. Amma Bilkisu ta matso ta ce, “Ranka ya daɗe, dama akwai wata takarda da muka...” Mai taimaka masa ya katse ta: “Yalla, maza, a yi hoto, mota na jira a ƙasa.” Ni kuma, zakin guruf, na juya na ce mata a hankali, “Bilkisu, ki bari mana, ba ki ga sauri suke ba?” Wannan ita ce maganar da ta fi ci mini rai a duk ranar.

Aka yi hoto. Ya ba ni kwalin dabino, ya dafa kaina, ya ce in gaida su Hajiya.

Muka shiga lifta ni da Bilkisu, har muka kusa ƙasa. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Ni ban taɓa ganin Sale ba, Injiniya, amma na haddace yadda ya mutu, awa bayan awa, saboda ni na rubuta. Na bar marasa lafiya na zo rakiyar gaisuwa.” Ƙofa ta buɗe, Bilkisu ta fita. Na tsaya da dabino a hannu ɗaya, fayil a ɗaya hammatar, har ƙofar ta rufe, lifta ta sake hawa da ni sama.

Washegari na tura wa mai taimaka masa takardar ta waya. Ya amsa da kalma uku: “Za a duba.” Ana nan ana dubawa.

Hoton kuwa bai jira an duba shi ba. Ya fito a shafin ma'aikata, an rubuta a ƙasa cewa 'yan jiha mazauna Dubai sun jinjina wa ƙoƙarin gwamnati kan muhalli. Ga ni nan haƙora a waje (ban san lokacin da na washe su ba), ga fayil ya fito ɓaro-ɓaro. Guruf ya samu abin yi. Aka haɗa hoton da saƙon muryata na “ba wanda zan tsuguna wa”, aka raɗa mini suna Gaisuwa Ce Kawai. Har a masallacin Juma'a wani ya miƙo mini hannu ya ce, “Habibi, akwai wani abu ne?” Duk wannan na shanye, ai ni na jawo.

Abin da ban yi lissafi da shi ba shi ne hoton zai isa gida, inda ba wanda ya san abin da ya faru a ɗakin. Su dai sun ga ɗansu kusa da Kwamishina, da fayil, ana murmushi. Bayan kwana huɗu saƙon Malam Ado ya shigo, muryarsa cike da murna: “Injiniya, mun ga hoto, Allah ya yi albarka! To mu ma ba mu zauna ba. Na tara matasa jiya, mun sare rassan nan da ka ce. Rufi ya fito fes, sai dai a zo a ɗora.”

Ya haɗo da hoto. Rufin kwano tsirara yana ƙyalli, darbejiya an yi mata ƙwal a gefe guda. A ƙasa kuma ga mata ranar rigakafi, sun jeru a jikin bango suna neman 'yar inuwar da ta rage, wasu sun ɗaga gyale sun yi wa jarirai rumfa. Na zauna a kan rufin wani rumbu a Al Quoz, faranti sun kewaye ni ta ko'ina, na yi kukan da ban yi a otal ba. Ban kawo musu wuta ba, na raba su da inuwa.

Sai da na yi kwana biyu kafin na iya kiran Yaya Hadiza. Tun kafin in gama sallama ta ce, “Ƙanina, an nuna mini hotonka. Na ce wa yara, kun gani, babanku ƙarami ya kai maganar babanku har gaban manya.”

Na ce, “Yaya, ban faɗa masa ba.”

Ta ce, “Me?”

Na ba ta labari duka, ban rage komai ba, har da abin da na ce wa Bilkisu. Ina jin kukan akuya a bayanta. Na so ta yi faɗa, da ta zage ni da na ji sanyi. Can ta ce, “To. Ai ka gaishe shi, ko? Ya yi wa yayanka addu'a?” Na ce ya yi. Ta ce, “Allah ya karɓa. Kada ka sa wa ranka damuwa. Duk haka kuke 'yan gidan Malam, ba ku iya buɗe baki gaban babba ba. Shi ma yayan naka, ran da abin ya same shi, sai da ya tsaya ya gaida Malam Ado kafin ya nuna masa ƙafar.”



Na kira Malam Ado na ba shi haƙuri. Na je har wurin aikin Bilkisu na ba ta nata, ta karɓa bisa sharaɗi: in wata tawaga ta sake zuwa, ita za ta riƙe fayil, ni in tsaya a waje in gaida masu gadi. Na ce ban yarda ba, zan shiga. Ta ce za mu gani.

Darasin da na koya ba mai zurfi ba ne, amma da tsada na saye shi. Ladabi ba laifi ba ne, kuma ba zan daina tsugunawa dattijo ba, ko na ce zan daina ƙafafuna ba za su ji ba. Sai dai in za ka shiga wurin babba da maganar da ba taka kai kaɗai ba, miƙa takardar tun kana tsaye, kafin gwiwarka ta taɓa ƙasa. In ta taɓa, sai abin da aka koya maka a gida.

Fayil ɗin yana nan a ƙarƙashin katifata a Satwa, na sake buga shi sabo. Satin da ya wuce Malam Ado ya ce mini har yanzu ba wanda ya zo auna rufin, amma darbejiyar ta fara toho. Na ce masa don Allah kada kowa ya sake taɓa ta, ko da ni ne na ce a taɓa.