Ranar da Na Sha Maganin Tumaki

Tumaki nake saye da sayarwa a kasuwar Daura. In na shafa ƙasan haɓar tunkiya na ji kumburi, na san ciwon hanta ne. Saboda haka da na tashi da kumburi mai zafi a ƙasan muƙamuƙi, ko tuwo ba na iya taunawa, ban tambayi kowa ba. Na kimanta nauyina, na ɗura wa kaina maganinsu.

Wuni na yi ina zaryar banɗaki kafin maiɗakina ta kai ni asibiti. Likita ya leƙa bakina ya ce, "Alhaji, haƙori ne ya ruɓe. Ka sha wani abu?"

Ita ta amsa masa, da ƙarfi.

Har yau, duk gabanin babbar sallah, sai dillalai sun ƙare mini kallo su ce, "Bana kam Alhaji ya isa layya."