Yaƙin Matakala da Saukar Teburin Ya Kellu

Da sunan Mai jujjuya al'amura, wanda Shi kaɗai ne ba ya sauyawa. Bayan haka, wannan shi ne tarihin sadauki ɗan sadaukai, Dakta Tasi'u ɗan Ɗanjuma mai gyaran rediyo a kasuwar Bakori, ɗan Ilu wanda ya taɓa korar kura daga garke da tari kawai, ɗan Jatau wanda ya ɗaura aniyar zuwa yaƙi ruwan sama ya hana shi. Shi ne Guguwar Sauyi, Tauraron Taron Bita, Ma'abocin Majigi, mai alƙaluma launi-launi, wanda idan ya tsaya gaban allo maza ke gyara zama don barci ya fi daɗi. Mai karatu ya sani cewa Tasi'un ne ya rubuta wannan tarihi da hannunsa, domin ya daɗe yana jiran wani maroƙi ya ɗauki nauyin abin, ba wanda ya taya. Ya kuma ga bai dace gwarzo ya riƙa cewa "ni" ba, sai ya ari bakin malaman tarihi.

A shekarar da masu ba da tallafi na ƙasashen ƙetare suka ɗaure bakin jaka, musiba ta sauka a kan Rumfar Jinƙai, wata ƙungiyar agaji a Maiduguri mai haƙa rijiyoyi da ciyar da yara a sansanonin 'yan gudun hijira. Hedikwata ta aiko da umarni daga Abuja: a haɗe sassa, a rage ma'aikata, a mayar wa mai gida hawa ɗaya na benen da ake haya. Shugabar ofishin, Madam Rifkatu Mshelia, ta ga fuskokin mutanenta sun koma na masu zaman makoki, sai ta aika a kirawo masanin da zai raka su cikin wannan sauyi har su haye lafiya. Sana'ar Dakta ke nan: wani ya kore ka daga aiki, shi kuma ya zo ya koya maka yadda za ka ji daɗin abin.

Ya shigo birnin a tsakiyar bazara, lokacin da ƙadangare kansa ke neman izinin shiga inuwa, yana sanye da kwat mai ruwan toka, domin ilimi irin nasa ba ya zama cikin jamfa. Ya tara jama'a, ya kunna majigi, ya zana musu wani kwari mai zurfi, ya bayyana da balaga da fasaha cewa kowane ɗan Adam sai ya gangara cikinsa, daga musu zuwa fushi, daga fushi zuwa baƙin ciki, kafin ya hau tudun yarda da ƙaddara. Sannan ya raba musu 'yan takardu masu gam, ya ce kowa ya rubuta abin da ke ransa ya manna a bango. Bango ya cika, amma tambayar ɗaya ce: "Da ni a cikin waɗanda za a sallama?" Dakta bai san amsa ba, domin shi ma ba a gaya masa ba. Sai ya ce lalle wannan tambaya ce mai ma'ana, ya sa aka tafi shan shayi.

Madam ta yanke hukunci cewa mutanen sama su sauko ƙasa. Kafin maganar ta gama fita daga bakinta, jita-jita ta riga ta hau bene ta dawo: wai duk wanda teburinsa ya samu masauki a ƙasa ya tsira, wanda nasa ya kwana a sama kuwa, shi da albashi sai a mafarki. Ranar Alhamis aka wayi gari da hijira irin wadda ba a taɓa gani ba. Masu digiri suka ɗauki kujeru a ka, akanta ya rungumi firinta kamar jariri, aka yi ta gangarowa ana ture juna ana cewa sannu. Kafin hantsi sama ta zama kufai, ba abin da ya rage sai tebur guda da mai shi.

Mai shi ita ce Ya Kellu Bukar, jami'ar sashen ruwa, wadda ta shiga ƙungiyar tun tana da mota ɗaya, kuma a kan albashinta marayun ƙaninta suke ci suke karatu. Teburin kuwa na katakon maɗaci ne, mai faɗin gadon amarya da nauyin bijimin layya, ba wanda ya tuna ta yadda aka hau da shi.

"Dakta," in ji ta, "kai ka ce mana sauyi alheri ne. To ga alherin nan, ka saukar mini da shi."

"Ya Kellu, ai sauyin da nake nufi na zuciya ne."

"Zuciyata ta sauka tun da safe. Teburin ne ya rage."

Nan fa jinin Ilu mai korar kura ya motsa a jijiyoyin jikansa. Ya tuɓe kwat, ya naɗe hannun riga, ya aika aka kirawo rundunar direbobi ƙarƙashin jagorancin babbansu Ba Kyari, dattijo mai ƙarancin magana. Bai yarda a taɓa teburin ba sai da ya zana taswirar yaƙi a allo, ya raba mayaƙa gida biyu, na gaba su ja daga ƙasa, na baya su tura daga sama, shi kuma ya tsaya a bayan na baya, inda manyan kwamandoji suka saba tsayawa.

"Sauyi dole!" ya yi kururuwa.

"Allah ya sa!" in ji runduna.

Aka ɗaga da bisimilla. Tebur ya fita ƙofa yana gurnani, ya gangara rabin matakala cikin izza da ƙasaita, har Dakta ya fara tsara yadda zai ba da labarin wannan fatahi a tarukan gaba. Sai aka iso kwana, inda matakala ta karya ta juya, wurin da aka rubuta tun fil'azal za a gwada maza.

"Ku juya shi dama!"

Na ƙasa suka juya damansu, na sama suka juya nasu, alhali suna fuskantar juna. Ƙafa ɗaya ta kutsa tsakanin ƙarafan dogarawa, kusurwa ta ciji bango har siminti ya zubo, tebur ya tsaya cik kamar wanda aka gina gidan a kansa.

Daga can ƙasa muryar Ba Kyari ta taso a hankali: "Dakta, daman wa?"

Haka aka shiga zamanin ƙawanya. Na sama ba su iya sauka, na ƙasa ba su iya hawa, ban ɗaki kuwa yana ƙasa. Aka ja, aka tura, aka yi salati, aka zargi juna. Wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya, gumi ya mayar da farar rigar sadauki tsumman goge mota. Aka kira azahar, na ƙasa suka tafi masallaci da alkawarin yi wa na sama addu'a.

Dakta ya zauna a kan matakala, Ya Kellu ta zauna sama da shi kaɗan tana fifita da gefen mayafi. Can ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Na bi tankar ruwa cikin daji da rakiyar sojoji, ana harbi muna kwance a ƙasan mota, ban ji tsoron da nake ji yau ba. Idan suka sallame ni, me zan gaya wa yaran nan?"

Sadauki ya laluba taskar hikimarsa tun daga farko har ƙarshe, ya tarar duk abin da ke ciki sai da majigi yake fita. Ya ce, "Wallahi, Ya Kellu, ban sani ba. Ni ma ƙarshen watan nan kwangilata za ta ƙare, kuma ba ni da wata."

Ta dube shi, ta yi dariya har da tafa hannu, ta ɓare goro ta miƙa masa rabi. "Ashe kai ma kana cikin kwarin naka."

Ko goron ne, ko kunya ce, malamai sun yi saɓani. Abin da ya tabbata shi ne, da na ƙasa suka dawo, Dakta ya miƙe da sabuwar azama, ya ce zai hau teburin ya ga ƙafar da ta maƙale da idonsa. Ya ɗora gwiwa, ya ɗora ta biyu, ya ɗora tumbin da shinkafar tarukan bita ta yi shekaru tana ginawa. Abin da ƙarfin direbobi ya kasa, nauyin ilimi ya yi shi nan take. Ƙafar ta karye ƙaras, tebur ya kuɓuce, ya nufi ƙasa da gudu yana tsalle a kan kowace matakala, jarumi kwance rub-da-ciki a bisansa ya rungume shi da hannu da ƙafa. Shi dai ya ce kabbara ya yi. Waɗanda suka halarci wurin sun yi ittifaƙi a kan cewa "Wayyo Inna!" suka ji.

Runduna ta watse hagu da dama, wannan karon ba wanda ya tambayi daman wa. Tebur ya daki bangon ƙasa ya tsaya da ƙafa uku. Dakta ya sauko daga kansa, wandonsa a tsage daga baya har gwiwa, mata suka rangaɗa guɗa, akanta ya ɗaga hannun sadauki sama, Ya Kellu ta shafa katakon tana hamdala.

Ana cikin wannan shagali sai mai gida, Alhaji Goni Zarami, ya yi sallama, magini na biye da shi riƙe da igiyar awo. Ya dubi tebura jibge har bakin ƙofa.

"Madam, wannan kaya fa?"

"Mun sauko ne, Alhaji. Ga makullin sama."

"Sama? Me zan yi da sama? Ƙasan na ce wa mutanenku na Abuja. Shaguna zan fasa ta bakin titi."

Madam ta fita da waya a kunne. Ta dawo ta tsaya a tsakiyar jama'a ta ce gaskiyar Alhaji ce, an manta ne ba a sanar da ita ba. Ta ƙara da cewa ba ta san wanda ya ƙirƙiro jita-jitar cewa saukar tebur ce ke tsirar da mutum ba, sashen ruwa dai ba za a taɓa shi ba, sauran kuma za ta kira kowa ta gaya masa matsayinsa baki da baki kafin a tashi. Ba wanda ya yi guɗa. Kowa ya juya yana neman kujerarsa a cikin tsibin kaya.

Sadauki ya ɗauko kwat ya ɗaura a ƙugu don ya rufe abin da ya kamata a rufe, yana lallaɓawa wajen ƙofa. Ya Kellu ta sha ɗamara da mayafinta, ta kama gefe ɗaya na teburin.

"Dakta," in ji ta, "kama ta can. Wannan karon kai ne a ƙasa."