Yadda na killace Baba

A shekarar da taki ya gagari talaka, ciwon kai ya matsa wa Baba har likita ya tura mu birni a yi masa hoton ƙwaƙwalwa. Ni ne malamin firamare a gidanmu, don haka ni na raka shi daga Kunci, da biro a aljihu.

Ma'aikaciyar ɗakin hoton ta ce in jira a waje, domin ba a bari hasken na'urar ya taɓa mutum sai da dalili, shi ma marar lafiya daidai jikinsa ake auna masa. Na gyaɗa kai kamar ni na ƙera ta. Sakamako ya fito lafiya lau, na dawo da Baba gida ina taƙama.

Nan take na tara iyali na kafa doka: Baba ya sha haske, kwana uku kada wanda ya matso kusa da shi. Na ware masa kwano da buta, na hana shi jam'i. Inna ta riƙa tura masa tuwo da muciya.

Kashegari ƙanwarsa, Gwaggo Asabe, ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi, ta zo dubiya. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta zauna a tabarmarsa ta sa hannu a kwanonsa.

"Ɗana, hasken nan wucewa yake yi, ba ya kwana a jiki. Yayan nawa ka mayar fitila?"

Har yau in na durƙusa gaishe shi, sai Baba ya ɗaga hannu. "Daga nan ma ya isa, Malam. Kada in haska ka."