Lodin Yayan Amarya

Ana jibi bikin ƙanwata Rabi a Kanan-Bakashe, na miƙe gaban dangi na ce kada kowa ya wahala kiran makaɗa. Ni da ke zaune Mayahi, ga MP3 a aljihu, mi za a yi da kalangu?

Na kai ta wurin mai tura waƙa a kasuwa, na ce ya juye mata duk abin da ke cikin ordinatarsa, wato kwamfuta. Da ta nuna ba sauran wuri, na ce ya ci gaba da dannawa, ai buhun hatsi ma sai an girgiza yake ɗauka.

Ranar biki mata suka yi da'ira, aka jona MP3 ɗin da bafal, wato babbar lasifika ta aro. Na danna da yatsa ɗaya ina kallon dangin ango. Ta yi wata ƙara kamar akuya ta shaƙe, fuskarta ta yi fari fat. Na hura ta, na buga ta a cinya, ko tari ba ta yi ba.

Kawu Isa ya leƙo ya ce, "Ɗana, ko waƙar ba ta iso daga Mayahi ba?"

Tsofaffi suka kife ƙwarya cikin ruwa, da ita aka yi rawa. Rabi ta ja mayafi tana kuka, dangin ango na dariya.

Yanzu in mutum ya cika amalanke har jaki ya durƙusa, sai a ce ya yi lodin yayan amarya. A gabana ake faɗa.